Lamba Shida da Mudu Goma

Lahadi, 28 ga Satumba

Yaron ya kira da hantsi. Gaisuwar da muka saba: lafiya, gona, ciwon bayana. Minti biyu na miƙa wa uwarsa Habiba salular, ta shige ɗaki da ita, suka yi kusan awa guda. Da ta fito idonta ya yi ja. Ban tambaya ba. Sai da ta ajiye mini fura ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai gwiwar nan ta ƙi, likitoci sun ce ya rage wa ƙafar aiki. Wasan da ƙungiyar ƙasa za ta yi tsakiyar Nuwamba shi ne na ƙarshe da zai sa rigar ƙasa.

"Ya ce da ma Baba shi kalla, ko da minti goma ne."

Na ce furar ta yi tsami.

Talata, 30 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin ya faru, don na lura kowa a Cadawa yana da nasa labarin.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Ranar jarrabawar ƙarshen kwaleji ce, ni kuma ina darektan lakol, wato makarantar boko, mutumin da ya cika wa iyayen yara kunne da maganar karatu. Aka kira suna a Agye, inda ake jarrabawar, ɗana ba ya nan. Ashe ya hau motar kaya ya tafi Maraɗi, wai ana gwajin 'yan ƙwallo. Da ya dawo da yamma na tare shi a ƙofar gida, mutane cike, an fito daga sallar la'asar. Na ce wallahi tallahi idona ba zai taɓa ganin ƙafarsa a kan ƙwallo ba. Da ƙarfi na faɗa, don kowa ya ji. Kowa kuwa ya ji.

Ban kore shi ba, ban yi masa baki ba. Yana zuwa hutu, ya durƙusa ya gaishe ni, mu yi hirar damina da farashin taki. Maganar aikinsa ce kawai ba ta shiga tsakaninmu. Ɗan fari ne, ban saba kiran sunansa ba, ko a takarda hannuna nauyi yake yi. Gari kuma Shida suke ce masa, lambar rigarsa. Ya sauƙaƙa wa kowa.

Ban yi nadama ba. Na rubuta ne kawai.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Bayan masallaci na bi ta bakin tasha, Chindo ya taso da gudu ya karɓi takalmana kamar har yanzu yana aji uku. Ɗalibina ne na da, shi ya sa yake ce mini Mushe, wato malamin boko, yanzu shi ke da gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano da babbar tele. Allah ya halicce shi da ƙarin yatsa, amma lissafi bai taɓa zama a kansa ba.

Na tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, ƙwallo nawa yaron ya taɓa ci wa ƙasa.

"Guda, Mushe."

"A wasa nawa?"

"Arba'in da shida."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ɗaya bisa arba'in da shida! Shekara talatin ina riƙe da jan biro, ban taɓa ba yaro wannan maki na bar shi ya wuce aji ba. Amma wannan ana ta kiransa shekara tara, har an ba shi kyaftin. Ko dai masu zaɓen ba su iya lissafi ba, ko akwai abin da ban sani ba.

Chindo ya ce, "Ai shi ɗan tsakiya ne, Mushe, ba cin ƙwallo ne aikinshi ba." Na ce to mene ne aikinsa? Ya buɗe baki, ya yi ta zana iska da hannu. Na gane bai iya bayani ba, kamar da.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ɗan tsakiya. Tsakiyar me?

Alhamis, 9 ga Oktoba

An gama yankan geron gonar gabas. Alhamdu lillahi, ya fi na bara.

Chindo ya aiko mini da takarda, ban ce ya aiko ba. Da mummunan rubutunsa ya jera mini inda yaron ya yi: shekara biyu a wata ƙungiya a Maraɗi, uku a Yamai, daga nan Abijan shekara uku, sai Tunusiya inda aka yi masa aikin gwiwa, yanzu kuma yana Tanzaniya. Na san sunayen garuruwan daga inda yake kira, amma ban taɓa ganinsu a jere ba. Na ɗauko tsohuwar taswirar lakol na bi su da yatsa. Ni da na koyar da taswirar nan shekara da shekaru, ban taɓa wuce Yamai ba.

A ƙasan takardar: katin gargaɗi goma sha ɗaya, jan kati ɗaya. Jan kati wai kora ce daga fili. Me ya yi aka kore shi? Yaron da ko kaza ba ya iya kora daga kan shanya. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da sauran.

Na gyara wa Chindo kurakurai huɗu, na ninke takardar na sa cikin kaye, littafin rubutuna.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ƙungiyar ƙasa ta yi wasa yau da la'asar, wanda ke gaban na ƙarshe. Na ɗauki rediyo na tafi ƙarƙashin gawon gonar yamma, na ce zan duba wake. Ido na ce a rantsuwata, ban ce kunne ba.

Na riƙe fensir ina yin zane duk lokacin da mai sharhi ya ambace shi. Minti casa'in, sau bakwai. Kuma kowane ɗaya iri ɗaya: ya karɓa, ya bayar. Ya karɓa, ya bayar. Kafin in gyara zama an wuce shi. Wani yaro mai lamba tara kuwa an kira shi ya fi sau talatin, har mai sharhin yana neman shiɗewa. An tashi ɗaya da ɗaya.

Na dawo gida da haushi, ban san na wa ba. Habiba ta dubi rediyon, ta dube ni, ta ce yaya waken. Na ce yana nan.

Laraba, 15 ga Oktoba

Yau aka zuba gero a rumbu, kuma yau na sha mamaki a cikin gidana.

Mutum uku ke aikin. Ɗaya a ƙasa yana ɗago dami, ɗaya a cikin rumbu yana jerawa, Yahuza maƙwabcina a kan tsani yana karɓa yana miƙawa. Ina zaune a inuwa ina ta yabon na cikin rumbun, don ya iya jeri. Can Yahuza ya sauka shan ruwa. Na ƙasa ya tsaya da dami a ka, na ciki ya leƙo yana jira. Aiki ya tsaya cik.

Habiba na tsaye da ƙwaryar ruwa. Ta ce a hankali, "To Malam, ka ga aikin yaronka ke nan."

Na ce wane yaro?

"Wanda ke bisa tsani. Tun ɗazu kake yabon na ciki, ba ka ko dubi Yahuza ba sai da ya sauka. Kuma dubi, ba miƙawa kawai yake ba. Shina duban wane dami za shi fara, wane gefe na ciki yake, in ya ga na ƙasa ya gaji shi sassauta."

Na ce ke a ina kika san wannan?

Ta ce gidan Hafiza. 'Yarmu, wadda ke aure a bayan kasuwa, suna da tele. Na ce tun yaushe? Ta ce tun yana Yamai take bi, da a gidan wata ƙawarta, bayan auren Hafiza ta koma can.

Shekara goma sha biyu! Duk barkar haihuwa da dubiyar marasa lafiya da ake yi ranar Asabar da la'asar. Ni kuwa ina cewa matan Cadawa sun cika haihuwa ranar Asabar.

"Ni ban rantse ba," in ji ta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban yi fushi ba. Na nemi fushin ban same shi ba. Kishi na samu.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na tambaye ta jan katin. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in kai.

Ta ajiye tankaɗe ta ba ni labari kamar a gabanta aka yi. Wai saura minti uku a tashi, namu na gaba da ci ɗaya, duk 'yan bayanmu sun hau gaba, sai wani ɗan wasan can ya kuɓuce da ƙwallo shi kaɗai. Yaron ya bi shi tun daga tsakiya, ya ga ba zai cim masa ba, ya riƙo rigarsa. Bai jira alƙalin wasa ya gama ciro katin ba, ya ɗago mutumin daga ƙasa, ya ba shi hannu, ya fita. Namu suka riƙe cinsu.

Na ce wannan ai zalunci ne. Ta ce, "Shi ma haka yac ce. Kwana biyu bai ci abinci ba." Na ce to me ya sa ya yi? Ta ce in tambaye shi mana, ai ina da lambarsa.

Matar nan ta fara raina ni, kuma a kan abin da ta fi ni sani, shi ne abin takaicin.

Asabar, 25 ga Oktoba

Tambayoyin da nake da su, in da zan yi:

Yaya yake sanin inda mutum zai kasance kafin ya je wurin? Habiba ta ce kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga sau biyu. Waigen me?

In shi ke raba wa kowa, wa ke gaya masa wanda zai ba?

Da wane harshe yake magana da mutanen Tanzaniya?

Ba ya jin haushi a ce wani ne ya ci?

Na ƙarshen nan ya fi damuna. Na yi shekara talatin ina miƙa yara daga aji zuwa aji. Wasu sun zama likitoci, ɗaya ma yana babban buro, wato ofis, a Yamai. Ban taɓa jin an kira sunana a rediyo ba, ko sau bakwai ɗin. Ban san me ya kawo wannan nan ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Saura kwana goma sha shida. Ba ƙirgawa nake ba, kalanda ce a gabana.

Rediyo ba ya nuna waige. Wasannin ƙungiyarsa ta Tanzaniya kuma ba a kama su a nan, na tambayi Chindo. Ke nan in wannan ya wuce, ya wuce.

Ji na yi ta yi shekara goma sha huɗu. An ce gani ya kori ji.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na yi wata dabara. Na san mai karya rantsuwa yana yin kaffara, kuma na san akwai azumin kwana uku a ciki. Jibi sha uku ga watan Musulunci. Mutane da yawa suna azumin tsakiyar wata, ba wanda zai ce komai in ya ga bakina a bushe. In yi niyyata a zuci, tsakanina da Ubangijina. Daga nan ko na kalla ko ban kalla ba, hanya dai a buɗe take.

Ban ce zan kalla ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na ɗaya. Habiba ta ce, "Yau kuma?" Na ce tsakiyar wata. Ta ce Allah shi karɓa, da wata irin murya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na uku. An sha ruwa lafiya. Na ji kamar an sauke mini dami daga ka, har na yi wa Yahuza ba'a a kan tsohon jakinsa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan an sauko Juma'a na tsaya da Malam Abdussamad, limaminmu. Tare muka tashi, shi ya bi allo ni na bi lakol. Don in ƙara samun natsuwa na ce masa wani abokina a Gazawa ya yi rantsuwa da daɗewa, yana son warwarewa, ya yi azumi uku, shi ke nan ko?

Ya ce, "Abokin nan naka, shina da hatsi?"

Na ce yana da ɗan abin da ba a rasa ba.

"Rumbu nawa?"

Na ce biyu.

Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce azumi na wanda bai da abin ciyarwa ne. Mai rumbu biyu sai ya ciyar da miskinai goma, kowa mudu guda na abin da gidansa ke ci, ko ya tufatar da su. Azumin da ya yi Allah ya ba shi ladan nafila, amma rantsuwa tana nan daram.

Na ce ba wata hanya? Ya ce babu. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Tijjani, ka ce ma abokin naka shi hanzarta. Na ji an ce Asabar ta sama ne wasan."

Na yi tafiyata ban yi masa sallama ba. Kwana uku na yunwa a banza, ga shi kuma ya gane ni tun kalmar farko.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ba geron ne ke damuna ba. Mudu goma ko kaji sun fi haka ci a wata. Amma na riga na fitar da zakkar amfanin gona tun ranar da aka zuba rumbu, kowa ya samu rabonsa. In na sake fitowa yanzu da mudu ɗaya-ɗaya har gida goma, ko yaron goye ya san me ake nufi da goma. Mutanen da suka ji ni a ƙofar gida rabinsu suna da rai.

Na ce wa Habiba ta kai, mata ba a lura da shige da ficensu. Ta ce, "Bakin da yar rantse shi ka sallama a ƙofar mutane." Ta auna mini dai, mudu goma cikin leda goma, ta jera su a zaure inda dole in gan su duk lokacin da zan fita.

Litinin, 10 ga Nuwamba

'Yan ƙwallon sun isa sansani, in ji Habiba. An ɗaure masa gwiwa amma zai fara wasan.

Ledojin suna nan. Na tsallake su sau shida yau.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na yi tunanin in kai su nesa, inda ba a san ni ba. Na ɗaure buhu a bayan moto, babur ɗina, da sassafe na kama hanyar Gazawa, na ratse wani ƙauye da ban taɓa shiga ba. Na tambayi wani mai faskare gidan mabukata. Ya ajiye gatari, ya cire hula, ya ce, "Mushe Tijjani! Ba ka gane ni ba? Mu sittin da biyu ne a ajinmu, kai ka koya muna raba lamba." Kafin in ce uffan ya ƙwala wa mutane kira su zo su ga baban Shida.

Na sha ruwa, na sha gaisuwa, na ce hanya na ɓata. Na dawo da buhuna yadda na tafi da shi.

A hanya na yi ta yi wa kaina dariya. Tsoho da furfura yana yawo da gero kamar ɓarawo. Girman kai rawanin tsiya, ni na sha rubuta wa yara shi a allo su kwafa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na raba. A Cadawa, da rana tsaka, da ƙafata.

Na fara da gidan tsoho Jika, wanda idonsa ya tafi shekara biyar ke nan. Yana cikin waɗanda ke tsaye a ƙofar gidana ranar rantsuwar. Na yi sallama na sa masa ledar a hannu. Ya jinjina ta, ya ce, "Mudu guda." Ya ɗago kai. "Mu nawa ne, Mushe?"

Na ce goma.

Na jira dariya. Wallahi na shirya mata. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun daɗe muna jiran wanga gero. Ni da nike son ganin yaron ban da ido, kai kana da ido ka hana kanka. Ka kallo muna, ka zo ka ba ni labari."

Na yi masa sallama, na ɗauki sauran ledojin.

Sauran tara ba wanda ya tambaye ni komai. Wata tsohuwa ta ce Allah shi ba shi sa'a, ba ta ce wa ba. Kafin in kai gida na bakwai labari ya riga ni, na tarar an shimfiɗa mini tabarma. Ashe abin da na yi shekara goma sha huɗu ina tsoro bai wuce tafiyar awa biyu ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Matsalar wuri. Gidan Hafiza gidan suruki ne, ba zan je in miƙe ƙafa a ɗakinsa ba. Saura rumfar Chindo, cikin samari da hayaniya.

Na ce wa Habiba kada ta gaya wa yaron. In ya sani zai yi ta tunanin tsoho maimakon aikinsa. Ta ce to. Ban yarda da wannan to ɗin ba.

Na feƙe fensir biyu.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na je.

Da na shiga rumfar ta yi tsit kamar aji ya ga mai duba makarantu. Chindo ya kawo kujerar roba ya ajiye a gaba, ya kori wani dogo da ya tare mini. Ba wanda ya ce mini komai, Allah ya yi musu albarka.

Suka fito a jere. Shi ne a gaba, da ƙyallen kyaftin a damtse. Ya rame fiye da yadda yake zuwa hutu, ko tele ce. Da ana taken ƙasa na ga yana motsa baki daidai, ni na koya masa shi. A'a, an canza taken, wancan tsohon ne na koya masa, wannan sabon shi ya koya da kansa.

Na ƙudura ba zan bi ƙwallo da ido ba, shi zan bi. Da wuya, don mai ɗaukar hoton ƙwallo yake bi. Amma na gani. Waigen nan gaskiya ne. Kafin ta iso shi ya dubi hagu, ya dubi dama, sai ta zo ya taɓa ta sau ɗaya ta tafi inda ban ma lura akwai mutum ba. Ba ya gudu sosai. Yana nuna wa wannan da hannu ya matsa, yana ce wa wancan ya dawo. In an ƙwace ƙwallo daga namu, sai ka ga ya riga ya tsaya a hanyar da za a bi. Ta yaya ya sani? Har yanzu ban gane ba.

Na yi ta zane a kaye. Ƙwallon da ya bayar ta isa wurin namu a dama, wadda ta ɓace a hagu.

Bayan hutun rabin lokaci ya karɓi wata a da'irar tsakiya, mutum biyu a kansa. Ya juya kamar zai mayar baya, sai ya zura ta tsakaninsu, doguwa, a ƙasa. Wani ya tare ta a gefe ya bugo, mai lamba tara ya sa kai. Rumfa ta tashi. Tele ta bi mai lamba tara yana gudu yana dukan ƙirji, aka maimaita cin sau uku, ko sau ɗaya ba a nuno inda abin ya faro ba. Can a gefen hoto na hango shi ya sunkuya yana gyara ɗaurin gwiwa.

Minti na saba'in da ɗaya aka ɗaga lambarsa. Ya cire ƙyallen ya ɗaura wa wani, ya fita yana ɗan ɗingishi, yana tafa wa mutane. A bakin layi ya tsaya ya taɓa ciyawa. Shi ke nan.

Da ya fita sai tsakiyar ta zama kasuwa, kowa na bin ƙwallo. Na tuna Yahuza da tsaninsa. Da ƙyar aka riƙe ɗaya da nema har aka tashi.

Na fito kafin a kira magariba. Wani abu ya shiga idona a hanya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na je na ba Jika labari da safe, kamar yadda ya ce. Ya sa na maimaita masa ta tsakanin mutum biyun har sau uku.

Chindo yana yawo yana cewa wai lokacin da aka zura ƙwallon nan na miƙe tsaye na kira suna da ƙarfi, har kujera ta faɗi. Ban tuna ba. Chindo tun yana yaro yake da ƙari.

Da azahar ya kira. Habiba ta miƙo mini salular, ta ƙi shiga ɗaki. Lafiya, gona, ciwon baya. Na ji numfashinsa, na san an gaya masa.

Na buɗe kaye na ce, "Hamsin da bakwai ka bayar. Hamsin da uku sun isa, huɗu sun ɓace. Biyu daga cikin huɗun ba laifinka ba ne, ba su motsa ba."

Na ɗauka layi ya yanke. Can ya ce, "Baba." Na ce ina da tambayoyi, na rubuta su, in ya zo hutu ya zo da lokaci. Ya ce to, da muryar da na rabu da ji tun yana ɗan aji ɗaya. Na miƙa wa uwarsa.

Hamsin da uku bisa hamsin da bakwai. Na lissafa, ya haura sha takwas da rabi bisa ashirin. A shekara talatin ban ba mutum biyar wannan maki ba.

Na rubuta shi da jan biro a saman shafin. Maki kuma ba ya zama ba suna, ka'ida ce.

Mudassir Tijjani.